Dami 130, amma rumbu ya ga ƙasa tun watan Maris: ina hatsin yake tafiya?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Illela, jihar Tawa, amma ina zaune Yamai ina aikin ɗinki. Bara damina ta yi kyau, a gidanmu an ɗaure dami 130 na hatsi, ban da ɗan wake. Mutum 12 ke ci a gidan. Amma tun kafin zafin Afrilu ya kankama tsohona ya kira ni wai rumbu ya kusa ganin ƙasa. Kowace shekara haka ne, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ni ke aika kuɗin buhu. Shin ƙarancin ruwa ne, ko nomanmu ne ba daidai ba? Na tara jika 200. In saya musu takin zamani, ko injin ban ruwa, ko in ci gaba da sayen hatsi kawai?"

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi albarka, ya bar ka da ladan ɗawainiyar iyaye. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: me ya sa hatsi ba ya kai gidanku wata kaka ko da damina ta yi kyau, sannan ina ya kamata jika 200 ɗin nan ta shiga. Na yi shekaru ina aikin malamin gona a ƙasar Adar, tsakanin Illela da Keita da Buza, kuma irin kiran da tsohonka yake maka na ji shi a bakin magidanta ba iyaka. Kafin mu ɗaga kai mu dubi hadari, bari mu fara da tiya.

Lissafin rumbu

In ma'aikatar noma za ta yi lissafin cimakar ƙasa bayan kaka, tana sa wa kowane mutum wajen kilo 230 na hatsi a shekara, babba da yaro a haɗe. Mutum 12 ke nan kilo 2,760. Tiya tana ɗaukar kilo biyu da rabi, buhu kuma tiya 40, to gidanku na bukatar buhu 28 ba kaɗan, wato tiya uku kullum. Tambayi tsohuwarka nawa take aunawa, za ka ji ban yi nisa ba.

Dami kuwa ba tsayayyen ma'auni ba ne. Na wani gari ya yi ɗaya da rabin na wani, kuma shekarar da tsutsar murzuna ta shiga zangarniya sai ka sussuke dami ka ga ƙaiƙayi ya fi tsaba. Mu ɗauka naku yana ba da tiya 6. Dami 130 ya zama tiya 780, abincin kwana 260, wata takwas da rabi. Ka ga tun ranar da aka ɗaure dami na ƙarshe, ana hamdala ana cewa bana an samu, akwai giɓin wata uku da rabi da ba wanda ya ambata.

Kuma ba dukansa ke shiga turmi ba. Zakka ta fitar da 13. Bashin da aka ci da damina, in ce 15. Iri 4. Na 'yan'uwa, da gwaggon da ta zo ganin kaka, da waɗanda suka taya ɗauri da kwasa, 8. Sai wanda ake zara kaɗan-kaɗan ana kai kasuwa: maganin yaro, ragon suna, kayan lakwal, kuɗin motar wanda zai tafi bida, gishiri da mai da sabulu. Wannan shi ne ba a ƙirgawa, don tiya biyar-biyar yake fita, amma a gidajen da na zauna muka yi lissafi tare yakan kai dami 20. Saura 70 ke nan: tiya 420, kwana 140. Fara ci daga farkon Nuwamba ka ƙirga da yatsa, wajen 20 ga Maris za ka tsaya. Lambobin nan ƙiyasina ne, naku zai ɗan bambanta, amma ga shi sun faɗo daidai lokacin da wayarka ke kuka.

Yunwar bana ce ke shuka ta baɗi

Watan Afrilu bai kai Yuli da Agusta ban tsoro ba, don lokacin ne rumbu yake wayam, hatsi yake tsada, kuma gona take neman duk ƙarfin da ke jikin mutum.

Wata safiya na tsaya bakin wata gona a kan hanyar Badagishiri. Hatsi ya yi kamar kwana ashirin da tsira, ciyawa ta kamo shi tsawo. Sai ga mai gonar da hauya a kafaɗa, ɗansa na bin sa da gorar ruwa, suka gaishe ni za su wuce. Na ce, "Malam, ba nan za ka tsaya ba?" Ya ce yau gonar wani Alhaji za su, don daren jiya ba a ɗora tukunya a gidansa ba, in an sallame su da tiya biyu da yamma, gobe sai su dawo tasu. Goben nan sai da ta zama kwana tara. Shi kuwa hatsi ba ya yafe jinkirin noman farko. Ɗan abincin da ke cikin ƙasa da ɗan damshin da ruwan farko ya bari, ciyawa ta riga shi shanyewa, ko ka nome daga baya ya riga ya tsumbure. Gonar Alhaji ta sha noma a kan kari, ta mai hauyar ta ba da rabin abin da ya kamata. Da kaka aka ce ruwa ne bai isa ba, alhali hadari ɗaya ne ya shayar da gonakin biyu.

Ƙara da bashi. Buhun da aka ranta a Agusta ana lissafa shi da kuɗin Agusta, a biya da hatsin Nuwamba, lokacin da kowa ya fito da nasa kasuwa a rana ɗaya farashi ya faɗi warwas. Sai buhu ɗaya ya ci biyu. Hatsin nan bai bar yankin ba sau da yawa, yana cikin shagon ɗan kasuwa a Illela ko Badagishiri ko Konni, kuma wanda ya sayar da shi da araha shi zai dawo da bazara ya saye shi da tsada, da kuɗin da kai ka aiko daga Yamai. Ban ce ɗan kasuwa ɓarawo ne ba. Shi ma ajiya yake yi, da kasada a ciki. Amma ribar ajiyar tana tafiya wurin mai ikon jira ne, manomi kuwa ba shi da wannan iko.

Ƙasa ta gaji, bakuna sun ƙaru

Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, mutanenta duka ba su wuce miliyan uku da rabi ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan 17, jihar Tawa kaɗai tana da miliyan 3.3, wato kusan yawan ƙasar gaba ɗaya a zamanin kakanka. Gandun da kakan naka ya nome shi da 'ya'yansa an raba shi gado, an sake rabawa. Da can in gona ta gaji a bar ta ta zama saura shekara biyar ko fiye, sabara da kalgo su rufe ta. Yau wa ke da gonar da zai bari? Noma ya yi ta hawa arewa har ya tsallake iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ta kiwo, ga gonaki nan har wajen Abalak, ga kuma rigimar manoma da makiyaya da ta biyo baya.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Da, bayan kaka, kara yakan kwana a gona, Bafillace ya sauka da garkensa ya yi wata guda a kai, a ba shi hatsi, shi kuma ya bar taki. Yanzu kara kuɗi ne. Ana kwashe shi tas, a ɗora bisa itace ko a sayar wa masu kiwo a gari, gona ta kwana tsirara iskar hunturu da guguwar bazara su share samanta. Shekara da shekaru ana ɗiba ba a mayarwa. Ƙasarmu ta jigawa dama can matalauciya ce wajen sinadarin fosfor, wanda shi ke sa saiwa ta kama da wuri. Shi ya sa hekta ɗaya ta hatsi a ƙasar nan take tsaye tsakanin kilo 400 zuwa 500 tun shekaru aru-aru. Da wannan awon, gidanku na bukatar hekta shida ta hatsi zalla kafin a ci shekara. In ka ga ƙuduji ya yi fure ja ya cika gona, ƙasar ce ke gaya maka ta gaji.

To ruwan fa?

Yana da nasa laifin, ba zan wanke shi ba. Birnin Tawa yana samun abin da bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, cikin wata uku zuwa huɗu. Tsofaffi suna ba da labarin yunwar Kakalaba ta wajen 1914. Farin 1973 ya kai ga juyin mulkin Seyni Kunce a Afrilun 1974. Yunwar 1984 mutanenmu suka sa mata suna El Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a mulkin Buhari. Waɗannan shekaru ne da sama ta ƙi, ba dabarar manomin da za ta hana su.

Amma dubi 2005. An yi ƙarancin ruwa da fara a daminar 2004, giɓin da hukuma ta bayyana ton dubu 223 ne, bai kai kashi 10 cikin 100 na bukatar ƙasa ba. Duk da haka buhun hatsi ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni, saboda farashi ya hau a arewacin Najeriya ya janye kaya, maƙwabta kuma suka riƙe nasu. Dabbobi suka faɗi, akuyar da kan sayi rabin buhu ta koma sayen 'yan tiyoyi. Mutane suka koma anza da tafasa. Inda yara suka fi cika wuraren jinyar tamowa kuwa jihar Maradi ce, rumbun ƙasar. Hatsi yana jibge a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu.

Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo in aka gwada da na zamanin fari, sai dai halinsa ya sake. Ya zubo kamar da bakin ƙwarya a dare ɗaya, sannan ya ɗauke kwana ashirin. A 2024 ambaliya ta kashe mutane sama da 300 a ƙasar nan, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Ruwan da ya sauka a kan fako ba ya kwana. Kafin gari ya waye ya bi kwazazzabo ya tafi da ƙasar sama. Saboda haka in tsohonka ya ce an yi ruwa, tambaye shi nawa ne ya tsaya a gonar.

Tassa: maganin da ya fito daga ƙasarku

Abin da zan gaya maka yanzu dattawan garinku sun fi ni saninsa. A 1989 wani furoje na asusun raya noma na duniya, FIDA, ya kwashi manoma 13 daga ƙasar Illela ya kai su Yatenga ta Burkina Faso. Can suka ga yadda Mosawa suka faɗaɗa ramin shuka suna zuba masa taki a kan ƙasar da ta mutu. Da suka dawo wasunsu suka gwada a 'yan hektoci kaɗan. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin jama'a suka ƙone, ramukan nan suka ba da hatsi. Daga nan ba a sake bukatar wa'azi ba. Har ta kai fakon da ake ba mutum kyauta ya ƙi karɓa ya zama abin saye da sayarwa, samari kuma suka samu sana'ar haƙar waɗannan ramuka, wato tassa, da rani. A ƙauyen Batodi, bayan an cika fako da tassa da manyan ramuka masu siffar rabin wata, ruwan rijiyoyi ya hauro har mata suka kafa garake.

Yadda ake yi: rami mai faɗin taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi, zurfin kamar santimita 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami taku ɗaya na ƙafa, layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan na farko don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ƙasar da aka haƙo a tara ta ta gefen gangare, ba ta sama ba. Wannan kuskuren na gyara shi ya fi sau ɗari. A zuba taki cikin hannu biyu tun da rani. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasar da hanyoyinta, ruwan farko ya bi su ya nutse. Iska kuma ta yi ta tara ganye da ƙura a ciki kyauta. In an shuka, ko ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar, sa hannu cikin ramin za ka ji sanyi.

Wahalarta ba ɓoyayya ba ce. Hekta ɗaya tana ɗaukar rami har dubu 10, aikin mutum ɗaya ne na kwana 40 zuwa 60, a ƙasa mai tauri, cikin zafin Maris da Afrilu, daidai lokacin da majiya ƙarfi suke Abijan ko Legas ko Libiya. Ga neman taki da amalanken kai shi. Kuma tassa ta fako ce. A jigawa mai rairayi rami cikewa yake da iskar farko. Tassa ba taki kuma gumi ne a banza. A tudu mai duwatsu a haɗa da jeren duwatsu bisa layin da ruwa ke kwanciya, irin aikin da aka yi a Keita tun daga 1984 da taimakon Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, wanda mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka, ana biyansu da abinci.

A jigawa kuwa abokin tafiya itace ne. Sassaben zamani, wanda ya faro daga Maradi a shekarun 1980, ba ya cin ko dala: in ana sassabe, maimakon a tumɓuke kututturen da ya toho, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ta haka aka maido da itatuwa a kan wajen hekta miliyan biyar a kudancin ƙasar nan. Gawo shi ne sarkinsu, don yana kaɗe ganye da damina bai tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi inuwa dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar taki. Dubi hatsin gindin gawo ka dubi na nesa da shi, ba sai an auna ba. Sai dai wannan aikin shekaru ne, ba zai cika rumbun baɗi ba.

Takin zamani

Nan sai in fara da laifina. Farkon aikina na taɓa matsa wa wani magidanci ya watsa takin ure a gonarsa kamar yadda na karanto a takarda. Ya sayar da rago ya saya. Kwana biyu da watsawa ruwa ya ɗauke har mako uku, shukar ta ƙone ƙurmus, ta maƙwabcinsa da bai sa komai ba ta rayu. Bai taɓa yi mini gori ba, kullum ya gan ni sai ya gaishe ni da fara'a, abin da ya fi gorin ciwo ke nan.

Abin da nake koyarwa tun daga baya shi ne ɗan mitsitsin nan da masu binciken noma na cibiyar ICRISAT ta Sadore da na cibiyar ƙasa INRAN suka gwada: giram 6 na takin NPK 15-15-15, wato cikin marfin kwalbar lemo, a kowane gurbi; ko giram 2 na takin DAP, abin da yatsu uku za su tsinka. A sa shi gefe kaɗan, kada ya taɓa irin. In gurbi dubu 10 ne a hekta, kilo 60 ke nan na NPK, buhu ɗaya da 'yan kai; yawancin manomanmu ma shukarsu ba ta kai wannan kauri ba. Amfaninsa saiwa ta yi saurin nutsawa, shuka ta tsere wa ciyawa da ƙuduji. Yana bukatar mutum guda ya riƙa bin mai shuka a baya. Kuma shi kaɗai shekara da shekaru ƙara tatse ƙasa yake. Wurinsa a kan takin gida ne, cikin tassa in so samu ne.

Batun iri: irin hatsin da ake ce wa HKP, mai saurin nuna, yana tsere wa ɗaukewar ruwan ƙarshe, akwai kuma Chakti da aka fitar a 2018, wanda ya fi shi sauri. Amma kada a watsar da irin gida. Wanda ya shuka mai sauri shi kaɗai a gari, tsuntsayen yankin duka baƙinsa ne. A raba gona, kowane iri da ɓangarensa. Murzuna kuma akwai wani ɗan ƙaramin zanzaro da ma'aikatar kare tsirrai ke saki yana kashe tsutsar. Aikin gari ne gaba ɗaya, sai maigari ya nema ta hannun malamin gona.

A nemi abin sayarwa wanda ba hatsi ba

Tunda bukatar kuɗi ba za ta daina ba, dole a samu abin da za a kai kasuwa a bar rumbu ya huta. Na farko wake. Nijar tana sahun gaba a duniya wajen nomansa, mafi yawa Najeriya yake tafiya, harawarsa ma kuɗi ce, saiwarsa kuma tana gyara ƙasa. Abin da ke sa a zubar da shi da araha da kaka tsoron ƙwaro ne. Buhun nan mai riɓi uku da ake ce wa PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, in waken ya bushe sarai aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwaro shaƙewa yake ya mutu, ba sai an sa guba ba. A ɗora shi bisa katako, nesa da ɓera, don huda ɗaya ta ɓata aikin. Kuma don Allah kada a sayar da shi duka. Yaron da aka yaye shi ke fara nuna ƙarancin gida a jikinsa, kunun hatsi zalla ba ya riƙe shi.

Na biyu warantaji, wanda aka fara yaɗawa a ƙasar nan ƙarshen shekarun 1990: ƙungiyar manoma ta zuba amfaninta a mangaza da kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya ɗaya wurin asusun bashi, a ba kowa rancen wani kaso na kuɗin kayansa. Ya yi kiwon rago ko ƙaramar sana'a, da bazara ya biya ya karɓi hatsinsa lokacin da ya yi daraja. Yana aiki in akwai amana da asusu a kusa. Shekarar da farashi bai hau ba kuwa, kuɗin ruwa da na ajiya a kan manomi suke.

Bankin cimaka na ga masu rai, na ga gawarwaki, kuma gawarwakin sun fi yawa. Akwai wani da na taya kafawa da hannuna a wani ƙauye. Shekara ta biyu manyan gari suka ranci buhuna, ba mai iya buɗe baki ya tambaye su, ta uku sai awaki ke kwana a ciki. Waɗanda na ga sun daɗe, galibi mata ne ke riƙe da mabuɗi, kuma kuɗi hannu suke sayarwa.

Injin ban ruwa

Kowa ya ga albasar Galmi tana cika manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa sai ransa ya biya. Gaskiya ne noman rani, wanda gwamnatin Kunce ta tura jama'a gare shi bayan farin 1984, ya tsamo gidaje da yawa a kwarin Majiya da na Tarka da kewayen tabkin Tabalak, ga kuma fadamar Konni mai sama da hekta 2,000 da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa. Amma inji ba ya haifar da ruwa. Ƙaramin injin nan na fetur ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas. Bayan inji akwai rijiya, tiyo, mai, iri, shinge, da mutumin da zai fasa tafiya bida ya tsaya kansa wata huɗu. Albasa kuma faɗuwa take a Maris da Afrilu lokacin da kowa ya cire, mai riba shi ne mai rudun ajiya da haƙurin ganin wani kashi ya ruɓe. In gidanku na da fili a fadama, ruwa kusa, da ƙanen da ya yarda ya zauna, to inji ya fi duk abin da na lissafa saurin kawo kuɗi. In ba haka ba, zai ƙare a ɗakin tsohonka an rufe shi da buhu.

Jika 200 ɗinka

Da ni ne, kusan rabi zan sa a hatsi, amma a Nuwamba ko Disamba zan saya, ba in jira kiran Afrilu ba. Kuɗin da kake aikawa da bazara, da kaka zai sayi fiye da haka nesa ba kusa ba. A ajiye shi daban, a yi magana da tsohonka gaban tsohuwarka cewa wannan na noma ne, ba a buɗe shi sai an yi shuka. Ka faɗa da ladabi, don rumbu hurumin maigida ne, kuma ba uban da ke son ɗansa ya riƙe masa mabuɗi. Ce masa gudummawarka ce ta damina don kada kowa ya je ƙwadago gonar wani. Buhu huɗu ya riƙe gidan kwana hamsin da 'yan kai, noman farko da maimai ke nan.

Abin da ya rage, mafi yawansa ya tafi ga haƙar tassa da jigilar taki a rabin hekta, in kuna da fako, a fara tun sanyi bai wuce ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sai buhu ɗaya na takin zamani, da buhunan ajiyar wake biyu ko uku. Rabin hekta da aka yi wa aiki sosai ya fi a barbaɗa kuɗin a hekta biyar a rasa inda suka shiga.

Ba zan ce maka wannan zai rufe giɓin duka a shekara ɗaya ba. In gonarku ba ta wuce hekta uku ba, ko an yi komai daidai hatsi kaɗai ba zai ciyar da mutum 12 ba, ɗinkinka zai ci gaba da zama ɗaya daga cikin gonakin gidan. Shekarar fari ta sosai kuma ta fi ƙarfin gida ɗaya. Nan aikin hukuma ne da rumbunan cimakar gwamnati na OPVN da sayarwa da rangwame, wanda in ya iso ƙauye tiyoyi ne ke kai wa kowane gida. Rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna mana yadda farashin tiya a Illela yake rataye da abin da ke faruwa a Kwatano da Kano. Sannan ni ban taka gonarku ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In ka je gida da kakar nan, sa a sussuke dami uku a gabanka a auna da tiya. Ka zaga gonakin da tsohonka ka ga wanne ne jigawa wanne ne fako, gawo nawa ne a tsaye, ka kuma zura guga a rijiyar da ta fi kusa da fadama ka ƙirga gaba nawa igiyar ta ci. Aiko mini da waɗannan, sai mu sake zama a kan maganar injin.